Sunayen Tsoro a Turanci, da Abin da Kaduna Ta Koya Mini a Kansu

A ajin yamma da nake koyar da Turanci a Tudun Wada, inda yara masu shirin jarrabawar kammala sakandare suke taruwa bayan sallar La'asar, na ba da aikin insha'i a kan ranar da mutum ba zai taɓa mantawa da ita ba. Wata ɗaliba ta rubuta labarin wata safiya a cikin dokar kullen korona, wadda aka kafa a Kaduna a ƙarshen watan Maris na 2020, lokacin tana 'yar firamare. Ƙaninta ne ya kwana da zazzaɓi mai zafi, mahaifinsu ya sa su a mota zuwa asibiti, suka bi ta titin Ahmadu Bello da hantsi, lokacin da aka saba ganin cunkoso har mai ƙafa ya riga mai mota isa. Ba ta ga keke-napep ko ɗaya ba, ba ta ga mai tallar ruwan leda ba, shaguna duk a garƙame, sai wata baƙar leda da iska take ta mirginawa a tsakiyar kwalta. Labarin ya tsaru, amma kalma ɗaya ce ta cinye shi tun daga farko har ƙarshe, wato “scary”. Da ita ta siffanta titin, da ita ta siffanta shagunan, har ledar ma da ita ta siffanta ta.

Bayan an tashi na kira ta, na tambaye ta ainihin abin da ya ba ta tsoro a wannan safiya. Ta yi jim, sannan ta ce, “Malam, wallahi babu komai. Babu wanda ya biyo mu, babu wanda ya yi mana barazana. Kawai dai na ji wani iri ne.”

Wannan amsa tata ce ta zaunar da ni rubutu. “Na ji wani iri” babban buhu ne da muke zuba duk abin da ya taɓa mana zuciya muka rasa sunansa, kuma “scary” shi ne buhun da yaranmu suke zubawa idan sun koma Turanci. Alhali Turanci yana da kalmomi masu yawa a wannan fage, kowace da gurbinta, kuma na lura ƙamus ba ya iya raba su yadda ya kamata, domin idan ka duba ɗaya sai ya tura ka ga 'yar'uwarta, ka yi ta zagaye har ka dawo inda ka taso. Abin da na ga yana aiki shi ne a ɗaura kowace kalma a kan wani abu da mutum ya taɓa ji a jikinsa. Mu kuwa mutanen Kaduna, Allah ya sani, ba mu rasa irin waɗannan abubuwa ba.

Kalmar da ɗalibar take nema ita ce “eerie”, wadda ake furtawa kusan kamar “iri” tamu, sai dai a ja wasalin farko. Daga Sikotilan da arewacin Ingila ta fito, kuma shekaru wajen 700 da suka wuce ana faɗarta ne ga mutumin da tsoro ya kama. Sai a ƙarshen ƙarni na 18 ta tashi daga kan mai jin tsoron ta koma kan wurin da yake haifar da shi. A yau ana amfani da ita ga wuri ko sauti ko haske da ke sa mutum ya kasa sakin jiki, ba tare da akwai wani haɗari da za a nuna da yatsa ba. Galibi abin da ya kamata a gani ne ya ɓace: kasuwa babu 'yan kasuwa, makaranta babu hayaniyar yara, titi babu mota. Duk wanda ya zauna a garin nan lokacin dokar hana fita ta 2000, ko ta 2011, ko ta 2018, ya san wannan shirun da muke cewa kamar mutuwa ta gifta, inda za ka ji kukan akuya daga layi na uku kamar a tsakar gidanku take. Akwai kuma irinsa na dindindin a Kakuri. Masaƙa ta farko ta fara aiki a can a 1957, wasu suka biyo baya, har unguwar ta zama ba ta barci saboda ma'aikatan dare da na rana. Mahaifina yana cikinsu, kuma da jiniyar canjin aiki muka tashi muna sanin lokaci. Wanda ya bi ta gefen kangon waɗannan masaƙu da magariba, ya ga ciyawa ta fi mutum tsawo a inda dubban mutane suke shiga da fita, ba ya buƙatar ƙamus ya faɗa masa ma'anar “eerie”.

Akwai wani kuskure da nake yawan gyarawa, kuma gara in ambace shi tun da wuri. Yawancin waɗannan kalmomi suna siffanta abin da ya ba da tsoro ne, ba mutumin da ya ji ba. Yaro zai rubuta “I was scary” yana nufin ya tsorata, alhali abin da ya faɗa shi ne shi ne abin tsoron, domin mai jin tsoro “scared” ne. Haka “eerie” da “ominous” da “creepy” da “uncanny” suke: dare ne ko gida ko murya ko kallo ake siffantawa da su. Hausa ma ta raba “mai ban tsoro” da “matsoraci”, don haka da zarar an nuna wa ɗalibi ta wannan hanya yakan gane.

Kafin rikici ya ɓarke a gari akwai abubuwan da ido yake gani, kuma su ne gurbin “ominous”, wadda ta fito daga kalmar Latin mai nufin alamar abin da ke tafe. Ka ga masu shaguna a Babbar Kasuwa suna jan ƙofofi da azahar ba ranar Juma'a ba, ka ga iyaye suna tururuwar ɗauko yara tun ba a tashi ba, ka ga motoci duk sun fuskanci gefe ɗaya na gadar kogin Kaduna. Babu abin da ya faru tukuna a gabanka, amma ka sha jinin jikinka. Alamar da ke waje ita ce “ominous”, abin da ya ɗarsu a cikinka kuwa shi ne “foreboding”, kuma ban ga abin da ya dace da ita kamar “jikina ya ba ni” ba. Kusa da su akwai “sinister”, wadda a Latin take nufin hagu, sai ta zama sifar abin da ake zargin mugun nufi a ɓoye a bayansa, kamar baƙuwar mota da ta kwana biyu tana tsayawa a bakin layi babu mai fitowa daga ciki. Mu da ba ma miƙa abu da hagu, muke kuma kiran mai wuyar sha'ani bahago, ba za mu yi mamakin yadda ma'anar ta yi wannan tafiya ba.

“Dread” ta fi su nauyi, domin ita tsoron abin da ka riga ka san sunansa ce, kuma ka san babu makawa sai ka tunkare shi. Shekarun da hanyar Abuja ta lalace da masu garkuwa da mutane, wanda tafiya ta kama shi gobe ba ya barcin kirki yau, kuma wannan kwanan zullumi shi ne “dread”. Mutane suka koma jirgin ƙasa suna ganin sun tsira, sai aka kai masa hari a daren 28 ga Maris 2022 a kusa da Katari, aka kashe wasu aka tafi da wasu daji. Bayan jirgin ya dawo aiki a ranar 5 ga Disamba na wannan shekara na shige shi daga Rigasa, kuma har yau ina tuna yadda hira ta mutu a taragon namu da muka doshi wajen, kowa leɓensa na motsi, babu mai kallon ɗan'uwansa. Fargaba da zullumi su ne kalmominmu a nan, kuma a ganina zullumi ya fi kusa, saboda yana ɗauke da tsawon jira.

Wasu abokan aikina sukan ce wannan duk shaida ce ta cewa Turanci ya fi Hausa wadata. Ban yarda ba, kuma dalilina yana cikin kalmomin Turancin kansu. Turanci ya tara su ne daga Latin da Girkanci da Faransanci da harshen Holan da na makwabtansa, shi ya sa suka yi yawa, amma idan ka tone asalin kowace sai ka tarar da jikin ɗan Adam a ƙasa, daidai inda Bahaushe ya ajiye nasa tsoron. “Horror” daga wata kalmar Latin take mai nufin gashi ya miƙe tsaye, wato abin da muke cewa tsigar jiki ta tashi. “Goosebumps”, wato ƙurajen da kan fito a fata idan tsigar jiki ta tashi, kwatanci ne da fatar tsuntsun da aka fige. “Anxiety” da “anguish” sun fito daga tushen da ke nufin shaƙewa da matsewa, mu kuma muna cewa ƙuncin rai. Bature ya daskarar da abin ya zama suna guda, har ya manta da hoton da ke ciki, mu kuwa mun bar shi a jimla yana motsi: gabana ya faɗi, hantar cikina ta kaɗa, cikina ya ɗuri ruwa, jikina ya yi sanyi, gwiwata ta sage. Kowace gaɓa da irin tsoron da take ɗauka, kuma tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san bambancin faɗuwar gaba da kaɗawar hanta.

Misalin da ya fi burge ɗalibaina shi ne “nightmare”. A yau tana nufin mugun mafarki, amma rabinta na biyu sunan wata halitta ce da mutanen Turai na dā suka yi imani tana hawa ƙirjin mai barci ta danne shi har ya kasa numfashi. Da na faɗi haka a aji, yara uku suka haɗa baki suka ce, “Dannau!” Likitoci suna bayanin abin da cewa hankali ne yake farkawa alhali jiki bai fita daga sandarewar da yake yi lokacin mafarki ba, amma abin lura shi ne mutanen da teku da hamada suka raba sun ji abu ɗaya a ƙirjinsu, kuma dukansu suka ba shi sunan mai dannewa. “Panic” ma tana da irin wannan tarihi, domin daga sunan Pan take, wani abin bautar Girkawan dā da suke jingina wa firgicin da kan afka wa garke a daji babu dalili. Wanda ya taɓa kasancewa a Kasuwar Barci ranar da mutum ɗaya ya ruga, kowa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, aka zubar da kaya aka tattake juna, daga baya aka rasa wanda zai faɗi abin da ya koro shi, ya ga “panic” da idonsa.

Tsakanin “terror” da “horror” akwai bambancin da marubuciyar Ingila Ann Radcliffe ta fayyace a wata maƙala da aka buga a 1826, bayan rasuwarta. A wurinta na farko yana farkar da mutum ya buɗe dukkan gaɓoɓinsa, na biyu kuma yana ƙanƙance shi ya daskarar da shi. Yadda nake sauƙaƙa wa yara shi ne, wanda yake ɓoye a ɗaki yana jin harbi na matsowa yana cikin “terror”, wanda ya fito da safe ya ga abin da aka bari a titi yana cikin “horror”. A gefe guda, yana da kyau a lura cewa Turanci ya raɗa wa ɗan ta'adda suna “terrorist” daga firgicin da yake shukawa, mu kuwa mun raɗa masa daga ta'adin da yake yi.

Akwai masu sauƙin nauyi da ba sai an daɗe a kansu ba. “Spooky” daga kalmar Holan mai nufin fatalwa take, ta shigo ta Amurka, kuma yanzu ta fi zama a bakin yara da wajen wasa, kamar tsoron tatsuniyar Dodo da ake ji ana dariya. Rashin ladabi ne a siffanta wurin da aka rasa rayuka da ita. “Weird” a tsohon Turanci ƙaddara take nufi, shi ya sa Shekspiya ya kira mayun nan uku na wasan Macbeth da ita, domin su ne masu faɗin abin da zai auku. Yau ta yi laushi har ta koma daidai da banbaraƙwai, namiji da suna Hajara.

“Creepy” kuwa ina so 'yan mata musamman su riƙe ta da kyau. Tushenta rarrafe ne, wato jin kamar wani ƙwaro yana bin fatarka, abin da muke cewa jiki ya yi yam. An fi faɗarta ga mutum: wanda yake tsayawa kullum a inda ɗalibai suke jiran keke yana bin yarinya da kallo, ko wanda ya samo lambar wayarta ba ta san ta yaya ba yana turo saƙo da tsakar dare, ko mai fara'ar da ta wuce ƙa'ida. Bai aikata abin da za a kai ƙara ba tukuna, shi ya sa yarinya takan rasa yadda za ta yi bayani, sai ta ce, “Ni dai bai kwanta mini ba.” Na sha gaya wa iyayen da suke zuwa wurina cewa idan 'yarsu ta faɗi haka su saurare ta, kada su tsaya neman hujja, domin sau da yawa jiki yana riga hankali ganewa.

Wadda ta fi ba ni wahalar koyarwa ita ce “uncanny”. Ita ma daga Sikotilan da arewacin Ingila take, tushenta sani ne, don haka a zahiri tana nufin abin da ya fita daga da'irar sani. Amma ma'anarta ta yau ta fi haka zurfi. A 1906 wani likitan ƙwaƙwalwa Bajamushe, Ernst Jentsch, ya danganta wannan ji da shakkar da kan kama mutum a kan ko abu yana da rai ko ba shi da shi, kamar mutum-mutumin da ake sa wa kaya a shagon tufafi idan ka hange shi da duhu-duhu. A 1919 Sigmund Freud, ɗan ƙasar Ostiriya, ya rubuta maƙala a kan kalmar Jamusanci “unheimlich”, wadda a cikinta akwai kalmar gida, kuma da “uncanny” aka fassara ta. Abin da ya tsaya a kai shi ne, abin da yake haifar da wannan ji sananne ne tun dā, na gida ne, sai ya dawo maka da wata fuska. A 1970 kuma wani masanin ƙera mutum-mutumin inji a Japan, Masahiro Mori, ya lura cewa mutane suna ƙara son inji gwargwadon yadda yake ƙara kama da mutum, har sai kamar ta kusa cika ba ta cika ba, a nan sai son ya rikiɗe ya koma ƙyama da tsarguwa. Wannan ne ake kira “uncanny valley”. Duk wanda aka turo masa irin bidiyon nan da ake haɗawa da ƙirƙirarriyar basira, inda tsohon hoton mamaci yake ƙifta ido yana murmushi, ya san abin da ake nufi. An yi wa hoton kakata haka a zauren WhatsApp na danginmu da kyakkyawar niyya, kuma goggona ta roƙi a goge shi tun kafin ya kai ƙarshe.

Duk wannan bayani ban fahimce shi da gaske ba sai da na koma gidan da aka haife ni. Mun bar Kakuri bayan rikicin watan Fabrairu na 2000, lokacin da garin ya fara rabewa, Musulmi da yawa suka tsallako arewacin kogi, Kirista da yawa suka tsallaka kudu, kowa yana neman inda zai kwana da ido biyu a rufe. Shekara goma sha tara ban taka layinmu ba, sai da wata tsohuwar makwabciyarmu ta rasu, matar da ta ɓoye mu a ɗakinta kwana biyu a wancan lokaci, mahaifiyata ta ce lallai in je in yi ta'aziyya a madadinta. Bayan na gaisa da 'ya'yan marigayiyar, mutumin da yake zaune a tsohon gidanmu ya ji ko ni wane ne, ya ce, “Shigo mana, ɗana, ai gidanku ne.”

Babu abin tsoro ko kaɗan a gidan. Mutanen kirki ne, an kawo mini ruwa, an shimfiɗa mini tabarma. Gwaibar tsakar gida tana nan, ƙusar da mahaifina yake rataye rediyonsa tana nan a jikin bango, sai dai kalanda ce a kanta. Da na zo shiga, ƙafata ta ɗaga da kanta ta tsallake wani rami da ke bakin ƙofa tun muna yara, alhali an daɗe da cike shi da siminti, babu ko alamarsa. Ina zaune sai labulen ɗakin mahaifiyata ya motsa, wani yaro ɗan shekara shida ya leƙo yana kallona, daidai inda ƙanina yake leƙowa idan an yi baƙo, kuma a wannan karon ni ne baƙon. Tsigar jikina ta tashi yar, na kasa shanye ruwan da ke hannuna. Na san kowane lungu na wurin fiye da masu shi, amma ko bayan gida ba zan iya zagawa ba sai na nemi izini. Wannan ne “uncanny”, kuma tun daga wannan rana, da labarin nan nake koyar da ita.

Da na dawo Tudun Wada da daddare na tarar da mahaifiyata a kan dardumarta. Ta tambayi 'ya'yan marigayiyar ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ta yi musu addu'ar haƙuri, sannan ta ce, “Ka shiga gidan?” Na ce, “Na shiga, Inna.” Ta tambaya ko gwaibar tana nan, na ce tana nan, har ta fi dā girma. Ta daɗe tana jan carbi ba ta ce komai ba, sannan ta ce, “Ni kam ba zan iya shiga ba. Jikina ba zai ɗauka ba.”